Bututun Bayan Gidan Kawu

Idan abu ya lalace, kuma lalacewar ce ke rayar da wasu, gyara shi alheri ne ko zalunci? Ni mai gyaran famfo ne, ɗan abin da na sani da kaina na tsinto shi, kuma har yau ban samo amsar wannan ba.

Kawuna yana da bene mai 'yan haya. A bayan ginin akwai bututun da ke saukowa daga tanki, ya tsage a gwiwa yana ɗiga. Kawu ya kira ni in gyara. Da na zagaya da jakar kayan aikina sai na tsaya cik. Unguwar duk siminti ce, ga zafi kamar ya dafa mutum, amma inda ɗigon ke sauka kasuwa ce ke ci. Ƙudan zuma sun jeru a bakin danshin. Ƙananan tsuntsaye suna sha suna ɗaga kai. Wani ƙadangare ya kwanta gefe yana jiran a ba shi wuri.

"Kawu, akwai masu shan ruwan nan fa."

Ya leƙo. "Da sunan wa suka kama ɗaki?"

Na so in bar bututun yadda yake. Amma mai ɗinkin da ke ɗakin ƙasa ta ja ni ta nuna mini bangonta, ya jiƙe ya yi baƙi, ƙaramar 'yarta kuma tari ya ƙi sakinta. Babu zancen bari.

Na koma wurin Kawu. "To a ajiye musu ruwa a faranti. A zuba tsakuwa a ciki, ƙudan zuma su sami wurin tsayawa kada su nitse. Sai dai kullum a zubar a sake, saboda sauro."

"Wa zai riƙa sakewa? Kai da ke can ƙarshen gari?"

"Ai kai kana nan, Kawu."

"Da furfurata in zama ɗan aiken ƙadangare? Ɗan nan, tunani ne zai ƙarasa ka. Haka uwarka take, sai ta ba kaza haƙuri kafin ta kore ta. Yi abin da ya kawo ka."

Na yanke tsagin, na sa sabuwar gwiwa, na shafa gam. Aikin ya yi kyau, ko gumi bututun bai ƙara yi ba. Ban taɓa gama aiki mai kyau raina ya ɓaci haka ba.

Bayan 'yan kwanaki Kawu ya sake kirana, wai famfon bayi yana ƙara. Na duba, lafiyarsa ƙalau. Na same shi ya ja kujerarsa zuwa bayan gida, yana fuskantar bututun.

"Yarinyar mai ɗinki ta samu sauƙi," ya ce. "Amma mutanenka ba su daina zuwa ba. Akwai wata 'yar tsuntsuwa, kullum sai ta zo ta ƙwanƙwasa bututun da baki kamar mai sallama. Ta hana ni barcin rana."

"Za su gaji su bari."

"Su tafi ina?"

"Ban sani ba, Kawu."

"Ba ka sani ba. Duk tunanin naka."

Wani ƙudan zuma ya sauka kan busasshen simintin, ya zagaya, ya tashi.

Kawu ya dafa gwiwa ya miƙe, ya shiga ciki. Ya fito da wani tsohon faranti da buta, bai kalle ni ba.

"Tsakuwar, manya ka ce ko ƙanana?"

"A haɗa. Kansu ya fito saman ruwa."

"Kada ka gaya wa uwarka."

Ya durƙusa a hankali, ƙasusuwansa suna ƙara, ya fara jera tsakuwar cikin farantin.