Shafi na Uku a Ɗakin Inna Sauda

A shekarar da kwanon gero ya gagari talaka, ba wanda yake maganar fenti a ƙauyen su Mati da ke gefen Tsanyawa. Shekara ashirin Mati yana sana'ar, shi ya yi wa masallacin garin farar ƙasa, shi ya shafa shagunan bakin titi. Amma a wannan shekarar burushinsa ya bushe ƙamas a saman rumbu.

Da damina ɗakin ƙasa na Inna Sauda, matar ƙanin babansa, ya rushe. Ɗanta Khalilu ya sayar da sansa na huɗa ya gina mata na siminti, har da silin. Mati ya wanke rola, ya gyara tsani, ya zauna jiran a kira shi. Sai ranar Laraba matarsa Hure ta dawo daga gidan ta ce ta tarar da wani baƙo yana dama fenti.

"Wane baƙo?"

"Umara wai sunansa, daga Ɗanbatta. Sun ce shi ya yi gidan surukin Khalilu."

Mati bai ƙarasa tuwon da ke gabansa ba. Ya saka takalmi ya tafi.

Ya tarar da Umara, wani dogo mai magana a hankali, yana ƙara wa fentin ruwa har ya tsinke kamar kunu. Suka gaisa.

"Shafi nawa za ka yi masa?" in ji Mati.

"Uku, Malam Mati. Sabon bango ƙishirwa yake ji. Na farkon nan tsinkakke shanye shi zai yi. In ya bushe sai biyu masu kauri su hau. Silin ma haka, sai dai in ya yi kyau a na biyu."

Mati ya san gaskiya ne, don haka shi ma yake yi in mai aiki yana da hali. Ya dubi yadda Umara yake yanke layi tsakanin bango da silin ba tare da ɗigo ko ɗaya ba, ya juya ya koma gida.

Washegari ya bi Khalilu gona.

"Ana wannan yunwar za ka bari a shayar da bango fenti har sau uku? Biyu sun isa. Baƙo ne, so yake kwanakin aikinsa su yi yawa."

"Haka kake gani, Yaya Mati?"

"Ni dai na faɗa maka."

Da Umara ya gama shafi na biyu, Khalilu ya sallame shi. Umara ya ce bangon bai ƙoshi ba, amma bai yi gardama ba. Ya rufe bokitin da ya rage sosai don kada iska ta shiga, ya ɗaure kayansa ya tafi bakin titi neman mota.

Kwana huɗu bango ya bushe, ya fito dabbare-dabbare, duhun siminti yana leƙowa ta nan da can. Masu zuwa ganin ɗaki suka riƙa cewa ga aikin mutumin Ɗanbatta. Mati yana jin haka a ƙofar masallaci, yana kaɗa kai kamar mai tausayi, a ransa kuwa daɗi yake ji.

Inna Sauda ta aika a kira shi.

"Mati, kai ne namu. Duba abin da aka yi mini. Ga sauran fenti can, ka rufa mini asiri."

Ya shafa bangon da tafin hannunsa. Sumul yake, ba gurbin gashin burushi, ba inda fenti ya zuba. Bai taɓa yin ƙasan aiki mai kyau haka ba. Cikin yini ɗaya ya hau da shafi na uku, ɗaki ya ɗauki haske kamar cikin ƙwarya sabuwa.

Gari ya ɗauka Mati ya gyara ɓarnar baƙo. Khalilu ya ba Mati haƙuri a gaban mutane kan rashin kiransa tun farko. Mati ya karɓi yabon, sai dai duk lokacin da aka yaba kusurwoyin ɗakin yakan kawar da kai, don ba shi ya yanke su ba.

Bayan girbi ya je kasuwar Ɗanbatta sayar da gyaɗa, suka yi kiciɓis da Umara a layin masu buhu. Mati ya so ya wuce, Umara ya riga ya miƙo hannu.

"Malam Mati, ya Inna? Bangon nan ya samu na ukunsa kuwa?"

"Ya samu. Ni na yi."

"Madalla. Dama shi kaɗai ya rage, na yi ta tunanin ɗakin. Allah ya saka maka."

Mati ya nemi alamar haushi a fuskarsa bai samu ba. Da Umara ya zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Ya shiga motar Tsanyawa ya zauna a kujerar baya.