Ƙarfen Kakana Ba Ya Shan Shayi

Jama'ata, ina gaisuwa! Masu karatu a cikin bas, da masu karatu a ƙarƙashin tebur kada oga ya gani, duk ina kallonku. Yau labarin Mo Yalan na kawo muku, direbar bas ɗin nan ta garinmu Liuzhou, wadda in ta taka birki sai ka tuna duk rashin kunyar da ka taɓa yi wa uwarka. Ku gyara zama.

Hannun Shugaba Pang na miƙe a kan teburin shayi, tafin a buɗe, ita kuwa Yalan ta rungume ɗan akwatinta a ƙirji sai ka ce jaririnta za a ƙwace.

"Ƙaramar Mo, hannuna ya fara gajiya," in ji shi.

"To ka sauke shi mana, Kawu Pang. Ai naka ne."

Tsit! Har tsuntsayen da ke ƙasa, a kasuwar furanni da tsuntsaye, sai da aka ji kukansu ya hauro bene.

A wannan bene 'yan ƙungiyar masu tara duwatsun sama, wato waɗanda ke faɗowa daga sararin samaniya, suke haɗuwa kowace Lahadi, a shagon Pang. Mutane ne da za su iya manta ranar haihuwar matansu, amma ba sa manta shekarar da dutse kaza ya faɗo a ƙauye kaza. A nan ake musaya, a nan ake gardama, a nan ake manna maganaɗisu a jikin dutse a yi ta gyaɗa kai. Kuma teburin yana da doka ɗaya: duk abin da ka kawo sai ya zaga. Shugaba ya fara karɓa, ya murza shi a tafin hannu, ya goga shi a gefen hancinsa don ya sha maiƙo, ya tsiyaya masa ɗan shayi kamar yadda yake yi wa ɗan kwaɗon yumɓun da ke zaune kan farantin shayinsa, sannan ya miƙa wa na kusa. In dutsenka ya zaga ya dawo, ka zama ɗan gida.

Shi Pang, komai nasa murzajje ne. Ƙwallayen itacen nan biyu da yake juyawa a hannu tun kafin a haifi Yalan, sheƙi suke. Butar shayinsa na sheƙi. Sandarsa na sheƙi. Sanƙonsa ma, ban san wa ke murza masa ba, amma yana sheƙi.

Kuma shi ke raba tebura a bajen kolin da ƙungiya za ta yi ƙarshen wata. Abin da ya kawo Yalan ke nan. Tebur take so, ko da na bakin banɗaki ne, ta ajiye ƙarfen kakanta, ta rubuta sunan tsohon a gabansa, mutanen gari su karanta.

Lu Mai Tumbi, mai sayar da taliyar dodon koɗi a bakin kasuwa, shi ya fara shigo da ita ƙungiyar, don haka shi gumi ya fi karyo wa. Ya zungure ta da gwiwar hannu.

"Ke, ba shi mana. Murzawa kawai zai yi, ba haɗiyewa ba."

"Bara ma murzawa kawai aka yi, Yaya Lu. Ina ɗan'uwansa yanzu?"

Lu ya sunkuyar da kai ya hau hura shayin da ya riga ya huce.

Ga yadda abin yake. Kakan Yalan mutumin Nandan ne. A zamanin da aka sa kowa tara ƙarfe don a narka, ya tsinci wani baƙin dunƙule a gona, mai nauyin tsiya, ya kai wa masu wuta. Aka hura, aka hura, abu ya ce ban san zancen ba. Da suka gaji suka wurgo masa kayansa, shi kuma ya kai gida ya ɗora a kan murfin tulun tsimin tsiron gora. Nan ya zauna yana shan ruwan gishiri har tsohon ya rasu. Da Yalan ta gane dutsen sama ne, rabinsa ya riga ya zama tsatsa. Ta kai aka yanke ruɓaɓɓen, aka tsaga zuciyar gida biyu. Bara ta kawo ɗaya, ya zaga teburin nan, ya sha maiƙon hancin Pang, ya sha shayi, ya sha gumin dattawa. Lokacin laima ya zo, sanda har bangon gidaje ke gumi, sai ƙarfen ya fara zubar da wasu hawaye rawaya. Ta goge, ya ƙara. Kafin zafi ya wuce ya farfashe a hannunta kamar busasshen burodi.

Wanda ke cikin akwatin nan shi kaɗai ya rage. Girmansa bai wuce tafin hannu ba. Ta jiƙa shi a magani, ta gasa shi a tandun girki har gidan ya yi wari, ta goge fuska ɗaya har zanen cikinsa ya fito, layi kan layi kamar saƙar tabarma. Bayansa ta bar shi yadda yake, baƙi, mai kaushi. Ta kulle shi da ƙwayoyin tsotse laima, ita kanta ba ta ƙara taɓa shi da fatar hannu ba.

Pang ya sauke hannunsa a hankali, ya ɗauki ƙwallayensa ya ci gaba da juyawa. Ƙarar, ƙarar.

"Na san abin da ya sami na bara," in ji shi. "Kina tsammanin ban san gumi na cin ƙarfe ba? Tun kina rarrafe na sani. Amma saurara, yarinya. Abin nan ya yi tafiyar da ba wanda ya san tsawonta, cikin sanyi da duhu, ba mai taɓa shi. Da ƙyar ya iso wurin mutane. Ke kuma kin kama shi kin mayar da shi duhu, kin rufe. Dutsen da bai sha hannu ba matacce ne."

Dattawa suka gyaɗa kai. Gaskiya, tsohon ya iya magana, ni ma da ina wurin da na gyaɗa.

"Tsatsa ai tsufa ce," ya ci gaba. "Komai sai ya ruɓe. Har ni."

"To ka ruɓe kai kaɗai, Kawu, ka bar min ƙarfen kakana."

Wani ya shaƙe da shayi. Lu ya ce, "Na shiga uku," a hankali, kamar mai addu'a.

Yalan ta ga abin na neman ɓaci, sai ta tuna da dabarar da ta taho da ita. Ta sa hannu a aljihu ta zaro safar hannu sabuwa fil, ta miƙa masa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

"Ga wannan. Ka sa, ka riƙe shi har yamma in kana so."

Kash! Safar fara ce tas, launin makoki a garin nan.

Pang bai ko taɓa ta ba. Ya ɗauki ɗan awartakin katakon da ake kama kofin shayi da shi, ya ɗaga safar sama, ya nuna wa jama'a.

"Ku gani. Fari ta kawo min. Jana'izata kika zo, Ƙaramar Mo? Ko ni ne zan ɗauki gawa?"

Sai a lokacin ta lura. A shago launin da ta samu ke nan, ta saya ba ta yi tunani ba. Kunnuwanta suka yi zafi. Da wata ce, nan za ta karaya, ta buɗe akwati don ta wanke laifi. Lu ma har ya fara murmushi, yana ganin an zo wurin.

"Na yi kuskuren launi, ka yafe ni," in ji Yalan. "Gobe in kawo ja. Amma ƙarfen kakana ba ya shan shayi."

"Shekara nawa ya yi yana shan ruwan tsimi?"

"Shi ya sa ya ƙoshi."

Pang ya saki safar ta faɗi kan jiƙaƙƙen faranti.

"Abin da bai zaga teburin nan ba, ba zai hau teburin can ba. Na gama magana."

Yalan ta dubi fuskokin da ke kewaye da ita. Mutanen da ta yi ta musaya da su ne, waɗanda suka koya mata bambanta dutsen sama da kashin maƙera, waɗanda take tsaya wa ko ba a tasha ba in ta hango su a titi. Kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa. Ta danna maɓallin akwatin, ya ce ƙas. Ta shanye shayinta don kada a ce ba ta da tarbiyya, ta kife kofin, ta miƙe.

A kan matakala Lu ya cim mata yana haki, tumbi na gaba yana baya.

"Ke wai kanki ɗaya? Minti nawa ne? Ya murza, ki je gida ki wanke da barasar asibiti, ki gasa, shi ke nan!"

"Bara ban wanke ba? Ban gasa ba?"

"To sunan kakan naki fa? A goshinki za ki manna?"

Wannan ta shige ta. Ta ɗan tsaya, hannu a kan ƙarfen matakala.

"In na ba shi, baɗi sunan kawai zan ajiye a tebur, da garin tsatsa a cikin kwalba. Matsa min, Yaya Lu, ka cika hanya."

Ta hau babur ɗinta na lantarki, akwati a tsakanin ƙafafu, ta tsallaka kogi tana danna wa kowa hon, har wanda bai yi mata komai ba. Rana ce irin ta gumin bango. Da ta isa gida, matakala a jiƙe, madubin falo ya yi hazo, takardar kalanda ta lanƙwashe.

Kakarta na zaune a kan 'yar kujera a kicin, hannu biyu cikin tulun tsimi har wuyan hannu, tana tsamo tsiron gora. Idanunta sun daɗe da mutuwa, amma kunnenta, hmm, in ka buɗe alewa a maƙwabta sai ta ce a sam mata.

"Wannan bugun ƙofar na wadda aka kora ne," in ji tsohuwa.

"Ba a kore ni ba, Kaka. Ni na fito."

"Haka kakanki ke cewa duk sanda aka kore shi."

Yalan ta durƙusa ta kwashe labari ta gaya mata, har da safar. Tsohuwa ta yi dariya har da tari.

"Fari! Kika miƙa wa tsoho fari! Kai, kin yi gado." Ta tsamo hannuwanta daga tulu, ruwan gishiri na ɗiga daga yatsu. "Wai duk a kan dutsen tulun nan ne? Tun da kika ɗauke shi ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Kawo shi nan in ji."

Ta miƙa hannu, tafin a buɗe.

Yalan ta dubi hannun. Ta dubi bangon da ke tsiyaya. Hannun Pang ai mai sauƙi ne, maiƙo ne da ɗan gumi. Wannan kuwa gishiri ne tsagwaronsa.

"Kaka, bari in kawo ruwa ki ɗauraye."

"In ɗauraye? Don in taɓa dutsen mijina? Ni da na yi ta ɗaga shi ina mayarwa safe da yamma tun uwarki na goye?"

"To ga safar hannu…"

"Farar?"

"Kaka mana!"

"Ke, idanuna a yatsuna suke. In na sa musu riga, da me zan gani?"

Hannun na nan a miƙe. Digo ɗaya ya gangaro daga gwiwar hannunta ya faɗi ƙasa. Da an ba Yalan teburin can, kowa a gari zai ga zanen nan ya yaba, ban da mutum ɗaya, wadda ke zaune a gabanta.

Akwatin ya ce ƙas, ya buɗe.

Tsohuwa ta karɓa, ta auna nauyinsa, ta shafa gogaggiyar fuskar da babban yatsa, ta bar jiƙaƙƙen sawu a kan saƙar tabarmar. Ta taɓe baki.

"Wannan ba shi ba ne. Wannan ai madubi ne. Sun musanya miki."

"Juya bayansa."

Ta juya. Yatsunta suka bi kaushin a hankali, suka je gefe, suka dawo, sai babban yatsan ya faɗa wani ɗan lotso ya zauna daram. Bakinta ya daina motsi.

"A nan yake kama shi," in ji ta can ƙasa-ƙasa. "Kullum a nan. Sai ya ce min wai an yi ramin ne don yatsansa." Ta rufe ɗaya hannun a kai. "Amma ya rame."

"Ya rame, Kaka."

Wayar Yalan ta yi ƙara. Lu Mai Tumbi ne, muryarsa ta cika kicin ɗin.

"Ke, na shawo kansa! Ya ce ba shayi, ba hanci. Yatsa ɗaya kawai zai ɗora, a gaban jama'a, ki sami teburinki. Yatsa ɗaya, Yalan!"

Yalan ta dubi ƙarfen a cikin jiƙaƙƙun hannuwan kakarta, ruwan tsimi na bin layukan da ta yi wata da watanni tana fitarwa.

"Ka ce masa na gode. Ko farce."

"Haba! To wa zai taɓa shi ke nan har abada?"

"Nawa ne, Yaya Lu. In ma hannu ne zai kashe shi, ni zan zaɓi hannun."

Ta kashe wayar, ta miƙe ta kunna tandu ya fara zafi, ta sauko da kwalbar barasar asibiti ta ajiye a gefe. Sannan ta jawo wata kujerar ta zauna. Ba ta ce wa tsohuwa ta yi sauri ba.

To jama'a, ga ku ga akwati. Ga hannu mai maiƙo da tebur a bayansa, ga hannu mai gishiri da ba shi da komai. Ku da wanne za ku buɗe wa? Kada wanda ya ce min duka biyun, na san halinku.