Ai Naka Ne

Babu al'ummar da ta taɓa zama wani abu a duniya ba tare da ta ratsa teku ba, kuma abin da ya hana Bahaushe mulkar duniya bai wuce rashin jirgin ruwa ba. Dokta Abdulwahidu ne ya gano haka, a shekararsa ta tara yana koyar da dabarun kasuwanci a wata kwaleji mai zaman kanta da ke unguwar Setapak a Kuala Lumpur. Da yake mutum ne mai kishin al'umma, sai ya yanke shawarar gyara wannan kuskure na tarihi da kansa. Zai ajiye aiki, ya sayi jirgi irin wanda iska ke turawa, ya tashi daga Malesiya, ya zagaya ta ƙasan Afirka, ya sauka a Legas.

Matarsa Lailatu ta ji bayanin ne tana suyar wainar da take sayar wa ɗalibai duk Asabar, kuma ba ta ko rage wuta ba. Shekara goma sha shida da aure sun koya mata cewa niyyoyin Dokta ba sa son a yi musu gardama, gardama ƙara musu kwana take yi. An yi zamanin kiwon zuma a barandar hawa na sha huɗu. An yi zamanin littafi mai juzu'i uku wanda ya tsaya a kan sadaukarwa. Shi kuwa teku, ta tuna sau ɗaya suka taɓa hawa jirgin fito zuwa tsibirin Langkawi, kuma Dokta bai ga komai a tafiyar ba sai cikin leda. Ta ce Allah ya taimaka, ta juya waina.

Abin da ya ƙara kwantar mata da hankali shi ne kuɗi. Jirgi ba a sayensa da lacca. Dokta ya buɗe zauren neman gudummawa a waya, ya zuba duk wani ɗan Arewa da ke Kuala Lumpur a ciki, daga unguwar Danau Kota har Gombak. Jama'a suka yi abin da suka saba. Wani ya ce abin alfahari ne, wani ya turo hoton tuta, kusan mutum saba'in suka yi addu'a. Bayan wata uku an tara abin da zai sayi rigar kariya daga nitsewa guda biyu, in an yi ciniki.

Sai ga shi wata Laraba ya dawo da hular kyaftin a kansa, ya ce ya miƙa takardar ajiye aiki, jirgi kuma yana ɗaure a tashar jiragen ruwa ta Port Klang. Wani tsohon Bature ne ya sayar masa, mutumin da ya zagaya duniya sau ɗaya ya dawo ya tarar matarsa ta canza makulli. Lailatu ta tambayi inda kuɗin suka fito. Ya ce wani bawan Allah ne wanda ba ya son a ambaci sunansa tukuna.

Ta zauna a bakin gado ta yi lissafin abin da hakan ke nufi. Takardar zamanta da ta 'yarsu Rumaisa a jikin aikinsa suke rataye, in aiki ya tafi su ma sun tafi. Ke nan ƙarshen zangon karatu za su koma Kano, shi kuma ya nufi Legas ta hanya mafi nisa da ɗan Adam ya taɓa zaɓa. Ta yi kuka kwana biyu, a rana ta uku ta tuna filinta.

Fuloti ɗaya ne a Janguza, gadon mahaifinta. Ranar rabon gado 'yan'uwanta mata duk kuɗi suka karɓa, ita ta ce ƙasa take so. Shekara bakwai tana tura ribar waina da dambun nama ana sayen bulo, har aka zagaye shi da katanga aka sa ƙofa. Munzali ƙanin Dokta ne ya tsaya a kan aikin, shi ya sa takardun suke hannunsa. Ta ce a ranta, to, ya je ya yi ta fama da kifaye. Ita za ta tayar da ɗaki biyu da kicin, ta zauna da 'yarta a abin da yake nata, ba a ɗakin baƙi na gidan surukai ba. Har ta fara zana inda taga za ta kalla a bayan wata takardar makarantar Rumaisa. Da wannan tunanin ta goge masa babbar riga ranar ƙaddamarwa.

An yi taron ranar Asabar da azahar, a wani gidan abinci a unguwar Kampung Baru, tebur shida, da shinkafa da gasasshen kifi da shayin madara. Ɗalibai sun zo da yawa, domin ba kullum ake ƙaddamar da jirgi ba, ba kuma kullum ake cin kifi kyauta ba. Lailatu ta zauna a teburin mata kusa da Hureira, maƙwabciyarta ta hawa na tara, wadda ta raɗa mata cewa hular ta yi masa kama da mai gadin banki.

Dokta ya yi magana minti arba'in. Ya taɓo Fotugal, ya taɓo Larabawan Oman, ya nuna taswira. Daga nan ya sassauta murya ya ce lokaci ya yi da za a san bawan Allahn da ya ɗauki nauyin wannan tafiya. Ya ce ba attajiri ba ne, ba gwamna ba ne. Ya kara wayarsa a bakin makirfo ya danna.

Aka ji ƙarar mai yana tafasa a tanda, sannan muryar mace, da 'yar dariya a ciki: "Ai naka ne, Abban Rumaisa."

Sai da aka fara tafi Lailatu ta gane muryarta ce. Ta tuna ranar. Bara ne, Munzali ya turo hoton filin bayan an zuba kwalta a gabansa, Dokta ya aiko mata daga ofis yana cewa kai, wannan fili ya yi kyau. Hannunta duk ƙullu, ta danna da ɗan yatsa ta ba shi amsar da ake bayarwa. Haka ake cewa in an yaba zanenka, ko agogonka, ko ma ɗanka. Wanda aka faɗa wa sai ya ce ya gode, ya bar abin inda ya gan shi. Yaro ɗan shekara biyar a Kano ya san wannan. Dokta yana da digiri uku.

Yana ci gaba da bayani. Filin gadonta ne sukutum, in ji shi, ta sadaukar domin al'umma, ba tare da ya roƙa ba. Ya ce a samu mace irin wannan a zamanin nan sai an tona. Hureira ta kama hannunta ta matse, idonta ya ciko, ta ce wallahi ba ta san haka take ba, ita ko 'yan kunnenta ba za ta iya ba wa Baban Haidar ba.

Lailatu ta tashi kamar za ta wanke hannu. A bakin famfo ta kira yayanta Zahraddeen a Kano. Ya ce ai an gama tun watan jiya, Munzali ya kawo dillali da mai saye, an yi a gaban mai unguwa. Shi da farko ya ƙi sa hannu a matsayin shaida, sai aka kunna masa saƙon. Ya ce ya so ya kira ta, amma Dokta ya roƙe shi kada ya ɓata mata ladan sadakar ɓoye. Mai sayen ma har ya fara haƙa rijiya.

Tana kashe wayar ta ga Dokta a bayanta, yana gyara zaman hula a madubi.

"Abban Rumaisa, filin Baba ka sayar?"

"Filin da kika ba ni."

"Yabawa ka yi, na ce naka ne. Da ka yaba Rumaisa ma haka zan ce."

"To ni ban san kina faɗin abin da ba kya nufi ba, Laila," ya ce, a natse, irin yadda yake yi wa ɗalibin da ya makara. "Matsalarmu ke nan a Arewa, magana ba ta da nauyi. Kuma na sa wa jirgin sunanki."

Ya ce ta zo, jama'a na jiran ta ce wani abu.

Tsakanin famfo da makirfo taku ashirin ne, kuma a cikinsu ta tsara maganar tsaf. Za ta ce ba ta bayar ba. Za ta ce ɗauka aka yi. Ta karɓi makirfon ta dubi tebur shida na mutanen da ke sayen wainarta, da matan da za su kai labarin har Kano kafin la'asar, da Rumaisa da ke ɗaukar ta a waya tana murmushi, don yau an ce uwarta jaruma ce. In ta faɗa, filin ba zai dawo ba, mai rijiya ba zai cike raminsa ba. Abin da zai ƙaru kawai shi ne yarinyar za ta koma gida a matsayin 'yar wanda ya saci gadon matarsa.

"Allah ya kai shi lafiya," ta ce, ta ajiye makirfon.

Jama'a suka ɗan jira ragowar addu'ar, wadda ake roƙon a dawo da matafiyi. Da ba ta zo ba, sai suka shafa a haka.

Aka fita waje ɗaukar hoto. Dokta ya tsaya a tsakiya da taswira a buɗe, ɗalibai suna karɓar hular ɗaya bayan ɗaya suna gwadawa. Mai gidan abincin, wata dattijuwa 'yar Malesiya, ta leƙa waje ta ga babu alamar wanda zai waiwayo, sai ta zo teburin mata da doguwar takarda, ta tsaya tana murmushin da ba na gaisuwa ba. Kifi talatin da ɗaya, shayi hamsin da huɗu.

Lailatu ta karanta har ƙasa. Ta buɗe jaka ta ciro ambulan ɗin da ta ware domin buhunan siminti na farko, ta miƙa, ta tsaya jiran canji.