Sai Mijinki Ya Zo Ya Gani

Tun da Injiniya ya faɗo daga kan tsani a wurin aiki, ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, Malama ta san zamansu a saman bene ya ƙare. Shi ba injiniyan takarda ba ne, mai gyaran wutar lantarki ne, amma tun yana saurayi aka laƙa masa sunan, har ita matar tasa ma da shi take kiransa. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, maza ne suka cicciɓe shi da kekensa suka haura da shi, suna nishi suna cewa a hankali, a hankali. Daga ranar, in ba asibiti ya kama dole ba, ba ya yarda a sauko da shi. Daga baya ma likitan ne yake zuwa.

Da kamfanin da yake wa aiki ya biya shi diyya, Malama ta sayar da ɗan filin da ta gada, aka haɗa, ta ce gida za su saya, na ƙasa, wanda babu matakala ko ɗaya. Injiniya ya ce to. Duk abin da ta faɗa a watannin nan, to yake cewa. Mutumin da a da ko labule za a canza sai an yi yini ana musu da shi.

Dillalin da aka haɗa ta da shi ana kiransa Kamar-Sabo, don babu gidan da zai nuna maka bai ce kamar sabo yake ba. In ta tashi daga makarantar firamaren da take koyarwa, da alli a hannun rigarta, sai ta same shi a bakin titi su kama yawo. A jakarta akwai wata 'yar sanda da ta yanke daidai faɗin keken mijinta. Duk gidan da suka shiga, kafin ta kalli rufi ko fenti, ƙofofi take bi tana gwada sandar.

"Malama, ni fa na ga masu saye iri-iri," in ji Kamar-Sabo wata rana, yana sharce gumi. "Mai ƙwanƙwasa bango na gani, mai shinshina rijiya na gani. Amma mai dukan ƙofa da sanda, ke ce farau."

"Ba duka nake ba, awo nake."

"To wannan ɗin fa? Kamar sabo!"

"Ruwan sama ne ya yi wa silin ɗin nan zane, ko mai fenti?"

Ya ɗaga kai ya duba, ya ce ai wannan tsohon yoyo ne, ya warke.

Ta ga gidan da sai an tsallake kwata a shiga. Ta ga wanda mutum biyu kowa ke cewa nasa ne, kowa da takardunsa. Ta ga wani mai kyau, har zuciyarta ta kwanta, sai ta tarar daga falo zuwa ɗaki akwai tudu. Kullum da yamma takan zauna gefen gado ta nuna wa Injiniya hotunan a waya. Yakan kalla kamar mai kallon gidan wasu, ya miƙo mata.

"Wanda ya yi miki, ai shi ke nan."

Wannan magana ta fi yawon rana gajiyar da ita.

Daga baya dillalin ya kai ta gidan wata tsohuwa. A ƙarshen wani layi yake, mai shiru, kusa da shagon wani mai wanki da guga. Ɗaki uku ne da ɗan tsakar gida da aka daɓe da siminti, sumul tun daga bakin ƙofa, ga bishiya a gefe tana ba da inuwa. Malama ta bi ƙofofin da sandarta, duk ta wuce, sai ta banɗaki da ta cije kaɗan. Ta ce a ranta wannan mai sauƙi ne, magini zai gyara. Ta tsaya tsakar gidan, ta ji wani abu ya sauka daga kafaɗarta.

Mai gidan tana zaune kan kujera a inuwa, 'yar siririya, da tabarau mai kauri. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, babban ɗanta ya matsa sai ta koma wurinsa. Ta bi Malama da kallo har ta gama.

"'Yar nan, sandar ta mece ce?"

Malama ta durƙusa ta gaya mata komai, ba ta ɓoye ba. Tsohuwar ta jinjina kai, ta yi addu'a. Kamar-Sabo ya ga alamar ciniki zai faɗa, ya matso yana murza hannu, ya ce in an daidaita ko yau Malama za ta iya ba da kafin alƙalami, lauya ya duba takardu.

"A'a," in ji tsohuwar. "Sai mijinki ya zo ya gani."

"Mama, ai na gaya miki halin da yake ciki. Ya ce duk wanda na zaɓa."

"Na ji. Ni ma haka marigayi ya yi mini. Ya zo ya sayi gidan nan ban sani ba, sai motar kaya na gani. Kin ga kicin ɗin can? Rana tun ta fito har ta faɗi a cikinsa take. Na tsufa ina girki ina yi masa mita, yana dariya. Da ya tambaye ni, da na faɗa masa." Ta gyara tabarau. "Ba na sayar wa rabin mutanen gida. Ya zo, ko kushewa ce ya kushe."

Kamar-Sabo ya bi ta da magiya, ya ce akwai lalura. Ta ce shi ya yi shiru, la'adarsa ba za ta gudu ba.

Malama ta koma gida zuciyarta a cunkushe. Sai da suka ci abinci ta kwashe kwanuka, sannan ta faɗa masa. Injiniya ya ɗaure fuska.

"Wato a sake kinkimata kamar buhu, duk layi a fito ana kallo, don wata tsohuwa ta ga dama."

"Ba don ita ba. Gidanka ne."

"Gidana? Ni da ko makunnin fitila sai an miƙa mini hannu?" Muryarsa ta tashi, abin da ta daɗe ba ta ji ba. "Ki saya in za ki saya. In ba ta sayarwa, ta riƙe abinta."

Malama ta buɗe baki za ta lallashe shi, kamar yadda ta saba tun da abin ya faru, sai ta ji ita ma ranta ya ɓaci.

"Shi ke nan. Gobe zan ce mata mun fasa. Amma ka sani, na gaji da zaɓa mana komai ni kaɗai. Ni mijina nake nema a gidan nan, ba mai cewa to ba."

Ta faɗa, ta shige kicin, ta tsaya gaban famfo tana wanke kwanon da ta riga ta wanke. Ba ta taɓa yi masa magana haka ba tun yana da lafiya, balle yanzu.

Washegari ba ta kira tsohuwar ba, shi ma bai tambaya ba. Suka kwana biyu ana gaisuwa sama-sama. Ranar Asabar da safe ta dawo daga cefane, sai ta tarar da ƙaninsa, direban motar haya, zaune a falo yana shan shayinta. Injiniya kuwa ya yi aski, ya sa rigarsa mai aljihu biyu ta zuwa aiki, har da ɗan sukundireban gwajin wuta a soke.

"Matarmu, kin tsaya kallo," in ji ƙanin. "Yaya ya ce a kai shi ya ga ramin da kike son jefa mu."

"Wa ya ce da kai za a zauna?"

"Ɗaki uku fa aka ce. Na uku na wa?"

Saukowar ba ta yi daɗi ba. Ƙanin da maƙwabta biyu suka riƙe keken, Injiniya ya runtse ido, ya damƙe hannun kujerar har jijiyoyinsa suka fito. Mutanen layi sun fito kuwa, kamar yadda ya faɗa. Sai dai babu wanda ya tsaya kallo daga nesa. Mai shagon da ke ƙasan benen ya zo ya kama hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki, yana cewa firjinsa tun bara yake jiran Injiniya. Malama ta ga mijinta ya kau da kai yana ƙifta ido.

A ƙofar gidan tsohuwar, ƙanin ya kama keken zai tura, Injiniya ya ce ya bari. Ya murza ƙafafun keken da kansa, ya shige. Ya gaida tsohuwar da ladabi, ta amsa tana leƙensa ta saman tabarau.

"Kai ne mai sandar?"

"Ni ne, Mama."

"To ga gida nan. Kada ka ji kunyata."

Bai ji ba kuwa. Ya ce a nuna masa inda mitar wuta take. Ya sa ƙaninsa ya buɗe akwatin, ya leƙa, ya yi tsaki. Ya bi ɗaki ɗaki yana soka sukundireba a soket, ya tsaya a wani ya shinshina, ya ce wannan ya taɓa ƙonewa. Tsohuwar ta tafa hannu ta ce ƙwarai, shekarar da aka haifi jikanta na fari. Kamar-Sabo ya soma cewa ai wayoyin kamar… sai Injiniya ya dube shi, ya haɗiye sauran.

Da ya isa ƙofar banɗaki keken ya cije. Ya ja baya, ya sake gwadawa, ya juyo ya kalli matarsa.

"Malama, sandarki ba ta gaya miki wannan ba?"

"Ta gaya mini."

"Shi ne kika yi shiru."

"Ka tambaye ni ne?"

Ya yi dariya, 'yar gajeruwa, kamar wadda ta yi tsatsa. Malama ta juya tana duba bishiya, don kada a ga fuskarta.

Ta riga ta tsara komai a ranta: ɗakin ciki mai sanyi shi ne nasa, ya huta, babu hayaniya. Amma Injiniya ɗakin gaba ya shiga, wanda tagarsa ke kallon layi, ya daɗe a ciki. Da ta bi shi ta same shi yana auna bango da tafin hannu.

"In aka fasa nan aka sa ƙofa, ta fita waje," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Teburi a nan, daidai tsayin keken. Fanka, dutsen guga, rediyo, duk a zaune ake gyaransu. Ba sai na hau komai ba." Ya juyo. "Ko kin ga ba zai yiwu ba?"

Duk yawon da ta yi, ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Wurin da zai kwanta take nema masa. Ta dafa kafaɗarsa, ta ce zai yiwu.

Cinikin shi ya yi shi. Ya lissafa wa tsohuwar gyaran waya da na ƙofa, ya nemi ragi, ta ce ashe da ta sani da ta sayar wa matar tun farko ta huta. Suka yi ta ja, tana zaginsa da wasa yana ba ta haƙuri yana ƙara ja, har suka daidaita. Sauran kuma aikin Malama ne: lauya, ofishin filaye, a dawo gobe, a dawo jibi, mai sa hannu ya yi tafiya. Amma yanzu in ta dawo da yamma akwai mai tare ta da tambaya, har da faɗa in ta manta wata takarda. Ranar sa hannu a tsakar gidan aka yi, gaban shaidu. Tsohuwar ta dangwala yatsa, ta miƙa makullai, sannan ta ce a ba ta minti ɗaya. Ta shiga kicin ɗin nan da ta tsufa tana yi wa mita, ta jima a ciki ita kaɗai. Babu wanda ya ce ta yi sauri. Ɗanta ya jira a mota.

Sun tare da 'yan makonni, wata rana Malama ta dawo daga makaranta ta yi sallama, shiru. Ta leƙa ɗakin gaba: ga fanka a warware kan teburi, ga kusoshi a murfin gwangwani, babu Injiniya. Ta duba ɗaki, ta duba banɗaki. Ta fito layi ko jaka ba ta ajiye ba.

Can ta hango shi a ƙofar shagon mai wanki da guga, cikin maza, ana gardamar ƙwallo. Muryarsa ce ta fi ta kowa tashi, yana nuna wani da yatsa yana cewa bai san komai ba. Ta ƙarasa ta tsaya a gefe, tana haki.

"Injiniya, ka fita ko ka gaya wa mutum?"

Ya waiwayo, ya dube ta sama-sama, hankalinsa na kan gardamar.

"Au, kin dawo? Je ki, ina zuwa."

Ta tsaya kamar za ta ce wani abu. Sai ta gyara jakarta a kafaɗa, ta juya ta nufi gida ta ɗora girki.