Oba-obar Wakili

Ni Luba ba ni yafe ma Wakili ba, kuma kada wani ya zo shina min wa'azi, na san Allah kamar yadda kowa ya san shi.

Shekarar da anka rufe layukan waya a ƙasarmu, garuruwa sunka haɗa kai sunka sayi oba-oba don 'yan banga. Abin ga ba irin waya ba ne. Mutum ɗaya ke magana, in ya danne madanni sauran duk sai su saurara har ya saki. Mijina Sammani na cikin 'yan bangar garinmu, nan kusa da Kurawa, kuma gidanmu ne ke da sola, don haka wurina ake kawo su caji. Kullum akwai ɗaya a kunne cikin ɗakina.

Shi kuwa Wakili, wakilin maigari ne a wata tunga gabas da mu. Bai tsaya ga 'yar ƙarama ta hannu ba, ya samo babba, irin ta aje wa a teburi, anka ɗaure mishi eriya a ƙololuwar giginya. In ya danna, daga Burkusuma har Tozai ba muryar da ke fita sai tashi. To me yake yi da ita? Gaisuwa! Kowace safiya sai ya bi garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ya gaida maigari, ya gaida liman, ya tambayi iyali da bisashe da ruwan jiya, bai ko saki madannin a amsa mishi ba. Ga 'yan kasuwar tsallaken iyaka su ma suna faɗowa kan tasharmu, wato layin da muke magana a kai, da Faransancinsu. Kowa na jin haushi, amma wa zai ce ma dattijo ya yi shiru?

Ranar kasuwar Sabon Birni, Sammani da abokinshi Yero sunka fita rakiyar mata. A fadama sunka ci karo da 'yan bindiga suna tsallakawa. Matan sunka watse cikin gero, harsashi ya sami Sammani a ciki. Yero ya ja shi gindin wata sabara, sunka yi ta danna oba-oba suna kira. 'Yan bangar Kurawa ba su da nisa, da sun ji da sun iso.

Ni ina ɗaki ina tankaɗe. Ina jin Wakili shina tambayar wani maigari ciwon gwiwarshi, ƙarƙashin muryar kuma wani ƙirit-ƙirit na tasowa yana mutuwa. Ashe mijina ne. Kafin Wakili ya ƙare gaisuwa jini ya ƙare ma Sammani.

Wakili ya zo ta'aziyya da babbar riga, ya ce kwana ne ya ƙare, a yi haƙuri. Na ce to. Wanshekare da safe, wallahi tallahi, sai ga muryarshi cikin ɗakina: "Ina kwananku mutanen Kurawa, ya ƙarin haƙuri?" Nan na rantse sai na ga bayan muryar nan.

Ina fita takaba na ji an kira taro a makarantar Malam Abdurrazak, babban malamin yankinmu, don a raba tashoshi. Shugabannin 'yan banga na ɓangaren garin Isa sun zo, na Burkusuma sun zo, har da mutanen tsallaken iyaka. Ba a gayyaci mace ba. Na yafa mayafi na tahi, na zauna bakin ƙofa.

Sunka tsara abin da kyau. Tasha ta ɗaya ta neman ɗauki ce kawai, ba fira. Kowane yanki da tashi tashar. 'Yan kasuwa su koma can nesa. Da anka zo kan Wakili sai kowa ya fara sosa ƙeya, ana cewa a roƙi Baba ya riƙa taƙaitawa.

Na miƙe. Na ce, "Malam, a gafarce ni. Roƙo za a yi? Yero, tashi ka gaya musu sau nawa Sammani ya danna."

Yero ya ce bai ƙirga ba, amma har yatsan ya daina aiki shina dannawa.

Wakili ya ce, "Haba ɗiyata, ni zumunci nike yi."

Na ce, "Zumuncinka ya bar ni da marayu, Baba."

Malam Abdurrazak ya daɗe shina jan tasbaha, sannan ya yanke: a kwance babbar a kai gidana, tunda muna kan tudu, ga sola, ga ni kullum a gida maza na gona. Wakili kuwa, don girmanshi, a bar mishi ƙarama ta hannu. Anka miƙo min ita in yi caji in ba shi. Ban jira zuwa gida ba. Na zaro wuƙar yankan kuɓewa daga haɓar zane, na sa bakinta na haƙe madannin har saiwa, na aje mishi oba-obar a kan tabarma. Na ce, "Ga ta nan, tana ji ras." Wasu sunka yi salati. Ba wanda ya ce a gyara mishi.

Haka ya koma. An ce min ko masallaci zai tahi tana rataye a wuyanshi, shina sauraren duniya ba damar sa baki. Na ji daɗi, ba za ni ɓoye ba. Amma bai ishe ni ba.

Damina ta kewayo. Wata safiya da hantsi ina shanya, sai tasha ta ɗaya ta fashe da ƙarar bindiga, ga murya tana ihu: "Baba! Baba kana ji na? Sun tare mu a gona!" Mas'ud ne, babban ɗan Wakili, magidanci mai 'ya'ya. Tsoro ya sa ya manta uban nashi ba ya iya amsawa.

Na danna. "Mas'ud, Luba ce. Wace gona?"

"Ta bakin gulbi, wajen tsamiya! An harbe ni!"

Na ce ya kwanta ya saki madanni. Na juya tashar Kurawa na tada su, na juya ta ɓangaren Isa na tada 'yan Tozai su tare ta kudu, na koma ta ɗaya na ce ma 'yan tungarsu duk mai babur ya fita. Aikina na yi shi yadda ya kamata, ba wanda zai ce Luba ta yi wasa da ran mutum. Daga nan muryar Mas'ud ta ɗauke.

Kafin azahar Yero ya kira ni ta tashar Kurawa. Ya ce sun kore su, Mas'ud na da rai, a cinya ne, sun ɗaure sun nufi asibitin Isa da shi. Ya ce, "Ki gaya ma tsoho, 'yar tashi ba ta kama tamu, taki kawai yake ji."

Na ce na ji.

Na dubi madannin. Na tashi na ƙarasa shanya. Na dafa ma yara dambu, na yi salla, na zauna na tsefe kan 'yata. Tasha ta ɗaya ai ta neman ɗauki ce, su sunka ce ba fira, kuma ba mai neman ɗauki. Na san duk oba-obar tungarsu ta bi mazan, duk babur ya fita. Na san shina can zaune da abin a kunne, bai jin komai sai shuuu. Duk lokacin da na tuna sai in ji wani sanyi a ƙirjina, in ce ƙara mishi, ya Allah.

La'asar ta yi sanyi na ji ana buga ƙofar langa-langa. Na leƙa. Wakili ne, a ƙasa ya tako, ba rawani, takalmi ɗaya ya tsinke, laka har gwiwa. Oba-obar na hannunshi, babban yatsanshi na cikin ramin madannin, ya danna har wurin ya yi jini.

Bai iya sallama ba. Ya durƙusa nan bakin zaure, dattijo sa'an ubana, ya ce, "Ɗiyata, don Allah don Annabi. Ko gawa ce ki gaya min inda take."

Na tsaya ina kallonshi. Na so in ƙara ja mishi rai ko kaɗan ne, wallahi na so.

Na ce, "Shina da rai. A cinya ne. Shina asibitin Isa."

Ya kifa goshi a ƙasa ya fashe da kuka kamar yaro. Da ya ɗago ya ce, "Yanzu kika ji?"

"Tun kafin azahar."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

Na ce, "Kai yini ɗaya ka yi, kuma an ce maka shina da rai. Ni ba wanda zai gaya min haka."

Na ɗebo ruwa a moɗa na aje mishi a bakin zaure, na ja ƙofata na koma wajen yarana.