Ɗan Wuta a Garin Ruwa

Malam Kabo ne ya jawo mana maganar, ko da yake ba da mugun nufi ya yi ba. Tsoho ne mai hisabi a unguwar Kusugu, irin waɗanda ke haɗa sunanka da na mahaifiyarka su lissafa, su gaya maka ko tauraronka na wuta ne, ko na ƙasa, ko iska, ko ruwa. A Islamiyya an sha gaya mana zuwa wurinsu bai halatta ba, ni ma a kan haka nake. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma yayana Musaddiq a shekarar nan ruwa ya ci shi.

Shi ne ɗan farin Innarmu. Tun da aka yaye shi Gwaggo Maiturare, yayar marigayi Baba, ta ɗauke shi riƙo zuwa Sandamu, can ya girma, can ya koyi ɗinki. Da Gwaggo ta rasu sai ya tattaro keken ɗinkinsa ya dawo gida Daura. Ya buɗe shago, ɓarayi suka fasa. Ya koma wani, mai wurin ya tashe shi ana saura kwanaki Salla. Daga nan ya rage magana, ya rage cin abinci.

Wata rana da la'asar ya shigo ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce jibi zai bi mota ta Kwangwalam zuwa Agadas, daga can Libiya. A layinmu kaɗai akwai gidan da har yau ba su san inda ɗansu ya kwanta a hamada ba.

Inna tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce da ni, "Ki ce wa mutumin Sandamu Allah ya kiyaye hanya."

Haka take kiransa, mutumin Sandamu. Kunyar ɗan fari ce, wadda ta gada daga tata uwar. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, in za ta ba shi tuwo sai ta miƙo mini in miƙa masa. Shi kuma "Innar su Haulatu" yake ce mata, da sunana. Na taso ina ganin abin daidai ne, amma ran nan haushinsa ya kama ni har wuya.

Na bi shi zaure na tsare. "Yaya, wa ya kitsa maka wannan?"

Ya ce Malam Kabo ya duba masa. Wai garuruwa ma suna da taurari kamar mutane, kuma na Daura na ruwa ne, tunda a bakin rijiyar Kusugu ta kafu. Shi kuwa nasa na wuta ne. Wuta ba ta ci a cikin ruwa, shi ya sa duk abin da ya taɓa a garin nan yake mutuwa.

"To sannu, ɗan wuta. Da wane suna aka lissafa?"

"Nawa da na uwata."

"Wacce?"

Ya kau da kai. "Maiturare."

"Yaya, ka san ba ita ta haife ka ba."

"Na sani. Malam ya ce in faɗi sunan uwata, na faɗi wadda ta taɓa kiran nawa."

Na koma ciki na zayyane wa Inna duka, ban rage ko kalma ba, don so nake ta ji zafin da na ji. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Sai daga baya na lura tsakuwar take mayarwa cikin tukunya, shinkafar tana zubarwa ƙasa.

Washegari da hantsi na gan ta da babban mayafinta na zuwa gaisuwa. Ta ce, "Kira shi. Lissafin da aka yi da sunan da ba shi ne ba, ai ba lissafi ba ne."

Muka tafi a jere kamar waɗanda ba su san juna ba, ita a gaba, ni a tsakiya, shi can baya. Muka wuce ginin rijiyar, wasu baƙi na ɗaukar hoto a ƙofa, muka shiga lungun Malam. Yana zaune kan buzu da allonsa a gefe. Inna ta durƙusa daga nesa aka gaisa, ta ce an yi kuskure a sunan uwa, a sake dubawa ko yaron zai zauna da garin.

Malam ya ce garin dai ba ya sakewa. "Daura halin rijiya gare ta, Hajiya. Ba ta ambaliya, ba ta bin mutum da gudu. Mai gaggawa ya leƙa ya ga duhu, sai ya ce ba kome a ciki. Sai an zura guga da doguwar igiya." Ya jawo tawada. "Wa za a duba?"

Na buɗe baki zan faɗa, Inna ta dafa gwiwata. Ta daɗe tana kallon tabarma, har na ji tausayinta ya kore haushin da na kwana da shi.

"Musaddiq," ta ce.

Malam ya karkato kunne, don tsufa ya fara taɓa jinsa. "Na'am?"

"Musaddiq. Ɗan Rabi. Ni na haife shi."

Ban juya na kalli Yaya ba, kunya ta hana ni. Na dai ji numfashinsa ya sauya a bayana.

Malam ya yi ta rubutu yana motsa leɓe. A zuciyata ina ta roƙo, ni mai cewa ban yarda da abin ba, Allah ya sa ƙasa ta fito, ko ruwan kansa. Ya gama, ya sake bi daga farko, sannan ya ajiye alƙalami.

"Ba zan yi muku ƙarya ba. Har yanzu wuta ce."

Wallahi kamar in fasa allon nan. Ya ga halin da tsohuwa take ciki, me zai rage shi in ya sassauta? Inna ta yi godiya, ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Abin da ta tsare tun tana amarya ta fitar da shi a gaban mutane, ga shi bai sayo mata kome ba. Haka muka koma gida.

Ranar tafiya, bayan an idar da sallar asuba gari ya waye, mai babur ɗin da zai kai shi tasha ya iso yana ta danna oda. Na fito ido a kumbure. Jakar na nan a zaure a ɗaure, amma Yaya na tsakar gida zaune kan turmi, wurin da bai taɓa zama ba, daf da murhun Inna.

Ya ce, "Haulatu, ki ba mai babur haƙuri. Ki ce ya tafi."

"Tauraron fa?" na ce, don bakina ba ya iya shiru.

"Yana nan. Ni dai leƙe na yi ta yi, ban zura guga ba."

Na sallami mai babur na dawo. Inna ta gama dama koko, ta zuba a kofi. Na miƙa hannu yadda na saba. Ba ta ba ni ba. Ta tsallake ni, kanta a sunkuye, ta ajiye kofin a gabansa da hannunta.

Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ki ce wa mutumin Sandamu ya sha tun da zafi."