Kwalaben Bakin Taga

Malamar kimiyya ta iya kulle abu, wannan kam a ba ta. Tun ranar da likita ya ce ƙodar mijinta ta gaza, kada ruwan da zai sha a yini ya wuce ɗan kofi, ta sa wa famfo kwaɗo, ta kulle firji. Ko butar banɗaki ba ta bari ta yini da ruwa.

Mijin kuwa direban babbar mota ne, wanda abokan aiki ke kira Tanki saboda yadda yake kafa kai a jarka sai ya ga ƙarshenta. Yau ga Tanki a kujera, ƙafafu sun yi suntum, leɓe ya tsattsage.

"Malama, ko na jiƙa maƙoshi."

"Ka sha na safe."

"Wannan sha ne, don Allah?"

"Ruwan ba shi da mafita, huhunka zai nufa. Ka daure sai an yi wankin ƙodar."

Tana faɗa tana kau da kai, don tausayinsa na cin ranta.

A makon take koyar da bangon ƙwayar halittar tsiro. Ta samo alayyafon da ya yi yaushi, ta cika kwalabe da ruwa, ta tsoma shi, ta jera a bakin tagar ɗakinsu inda haske ya fi. Yana zaune yana bin hannunta da ido.

"Ganye ma ya fi ni gata a gidan nan," in ji shi.

Ta yi dariyar dole. Ta ɗauki kwalba ɗaya, ta bar sauran don ajin yamma, ta tafi makaranta.

A aji ta ɗaga kwalbar. Ganyen da ya langaɓe ɗazu ya miƙe ƙyam.

"Kun gani? Kowace ƙwayar tsiro tana da bango mai tauri. Shi ke ba ta siffa, shi ke kare ta, shi ke tsai da tsiro ba tare da ƙashi ba. Ruwa na ratsa shi ya shiga, ƙwayar ta sha ta yi tam, bangon ya tokare ta, ba za ta fashe ba."

Wata ɗaliba ta ce, "Malama, namu fa?"

"Mu ina muka ga bango? Saka ƙwayar jinin mutum a ruwa zalla, za ta yi ta sha, ba abin da zai ce mata ya isa, har ta..."

Alli ya faɗi daga hannunta. Ita da ta kulle famfo, ta kulle firji, ta je ta jera masa ruwa a gaban idonsa! Ko jaka ba ta ɗauka ba, ta ruga gida.

Ta same shi a ƙasa, jingine da gado, numfashi na fita da ƙarar ruwa, kumfa a gefen baki. Kwalaben duk sun ƙafe, har ta ƙarshe. Ta fasa ihu tana kiran maƙwabta su kawo mota, tana jijjiga shi, tana zagin kanta.

Ya ɗaga yatsa da ƙyar ya nuna taga. Ashe kafin ya sha ya zare ganyen ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa su a kan faranti, shar da su, ko ɗaya bai karye ba.

"Ban ɓata miki aikin ba," ya ce.

Can sai ga motar ta iso.